Takardun Gida a Cikin Waya: Wa Ke Riƙe da Me?

A yawancin gidajenmu, bayanan da gida ke tafiya a kansu a rabe suke biyu, alhali babu wanda ya taɓa zama ya raba su. Maigida ne ya san lambar mitar wuta, da watan da kuɗin haya ke cika, da inda takardar fili take, da wanda ke bin sa bashi a kasuwa. Uwargida ce ke riƙe da katin rigakafin jariri, ita ta san sunan maganin da likita ya rubuta wa yaro bara, da ranar komawa awo, da wadda za ta kwashi adashi a wannan wata. Muddin kowa na nan ƙalau, ba a ganin aibun wannan rabo, domin kira ɗaya ya isa. Aibun yakan fito ne ranar da ɗaya ya tafi ci-rani inda babu sabis, ko aka ba shi gado a asibiti, ko aka fizge masa waya a hanya, ko kuma ta Allah ta kasance.

Iyayenmu sun yi maganin wannan da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Duk wata takarda mai hatimi can ake jefa ta, kuma kowa a gidan ya san wurin. Yau waya ta karɓe aikin akwatin, sai dai ita a aljihun mutum ɗaya take yini, kuma da yatsarsa ko fuskarsa kaɗai take buɗewa. Ba wai akwatin ma ba shi da nasa rauni ba. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, takardun makaranta da na filaye na cikin abin da mutane suka rasa, kuma wanda ke da hoton tasa a wani wuri ya fi samun sauƙin neman wata. Don haka ba zaɓi ake yi tsakanin takarda da waya ba. Abin da ake so shi ne kowace muhimmiyar takarda ta kasance a wuri fiye da ɗaya, kuma mata da miji su duka su san hanyar kaiwa gare ta.

Hanyar da kowa ya fi sabawa da ita ita ce WhatsApp. "Baban Abba, turo min hoton rasit ɗin makarantar nan." Ya ɗauka ya tura, kowa ya ɗauka an adana. To, a nan ne kuskuren farko yake, domin turawa daban, adanawa daban. WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa da zarar saƙo ya isa wayar wanda aka aika wa, ba ya ci gaba da riƙe shi a kwamfutocinsa. Wanda bai isa ba kuwa yakan jira har kwana 30 sannan a goge. Ma'ana, hoton rasit ɗin nan yana zaune ne a cikin wayoyi biyu kawai. Idan tata ta faɗa ruwa, tasa kuma ta cika ya share hotuna don ya samu wuri, shi ke nan, rasit ya tafi.

Akwai ƙarin abu biyu da ba kowa ke lura da su ba. Idan aka tura takarda a matsayin hoto, manhajar takan matse shi don ya ci data kaɗan, kuma ƙananan rubutu ne ke fara shan wahala: lambar da ke ƙasan takardar haihuwa, ko kwanan watan da ke jikin hatimi, sai ka buɗe ka ga sun dusashe. Idan kuwa aka zaɓi tura shi a matsayin fayil, yadda aka ɗauke shi haka zai isa. Na biyu, wasu sun kunna tsarin nan da ke sa saƙonni su ɓace da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, sun kuma manta sun kunna. Takardar da aka ajiye a irin wannan hira tana da ranar tafiya.

Wani zai ce ai WhatsApp ɗinsa na ajiye kwafi a Google. Haka ne, idan an saita shi. Amma dawo da wannan kwafi a sabuwar waya yana buƙatar abu biyu tare: lambar wayar da aka yi amfani da ita, da kuma asusun Gmail ɗin da aka ajiye kwafin a ciki. A nan ne mutanenmu da yawa ke tsayawa cak. Ranar da aka sayi wayar a Farm Centre ko wata kasuwar, yaron shago ne ya buɗe Gmail ɗin cikin minti biyu, ya ƙirƙiro suna da kalmar sirri daga kansa, ya miƙa waya aka tafi. Mai wayar bai san adireshin ba, balle kalmar sirrin. Shekara uku yana tara hotuna da lambobin mutane a asusun da ba zai iya shiga ba daga wata wayar. Duk wanda ke son gyara sha'anin takardun gidansa, daga nan zai fara: ya san adireshin imel ɗinsa, ya canza kalmar sirrin zuwa wadda shi ya zaɓa, ya tabbatar lambar da aka liƙa wa asusun tasa ce ba ta yaron shago ba.

Xender da Bluetooth da katin mimori kuwa ba su da wani dogon bayani. Kwafi suke yi daga waya zuwa waya ba tare da cin data ba, kuma hakan na da amfani ga bidiyon biki. Sai dai idan ɗaya ya sabunta takarda, ɗayan na nan da tsohuwa, sannan wayoyin biyu a ɗaki guda suke kwana. Abin da ya sami ɗaya na iya samun ɗayar.

Abin da ya fi kama da akwatin ƙarfen nan shi ne folda ta tarayya a intanet, kuma tunda yawancin wayoyin da ke hannunmu Tecno ne da Itel da Infinix da Samsung, Google Drive ne mafi kusa, don a ciki yake zuwa. Ga yadda yake aiki. Idan ka ɗora fayil, ainihinsa yana komawa manyan kwamfutocin kamfanin, wayarka leƙawa kawai take yi. Saboda haka ko wayar ta ɓata, ka shiga asusunka daga wata, za ka tarar da kayanka. Kowane asusu yana da gigabait 15 kyauta, wanda imel da hotuna da fayiloli ke rabawa a tsakaninsu. Masu iPhone kuwa gigabait 5 iCloud ke ba su. Takardun gida gaba ɗayansu ba za su ci ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Abin da ke cika wurin bidiyo ne, da kwafin WhatsApp, wanda tun 2024 aka fara lissafa shi cikin gigabait 15 ɗin a wayoyin Android. Idan wurin ya cika, hatta imel daina shigowa yake yi.

Mutum ɗaya ne zai buɗe foldar, sai ya gayyaci ɗayan ta adireshin Gmail ɗinsa. Wurin gayyatar akwai zaɓi: ko a ba shi damar gani kawai, ko a ba shi damar ƙarawa da gyarawa da cirewa. Tsakanin mata da miji, na biyun ya fi ma'ana, domin ita ma tana da abin sakawa. Muhimmin abin lura shi ne babu wanda ya ba wani kalmar sirrinsa. Kowa da asusunsa yake shiga, foldar nan kaɗai suka haɗa, sauran abin da ke asusun kowa nasa ne. Akwai wani zaɓi kuma da ke buɗe foldar ga duk wanda ya samu mahaɗinta. Wannan a guje shi ga takardun gida. Mahaɗi yakan yi yawo. Yau an tura wa ƙanin miji don ya buga takarda ɗaya a shago, gobe yana zaune a kwamfutar shagon.

Sai a kula da mallaka. Kowane fayil na wanda ya ɗora shi ne, a wurinsa yake cin wuri, kuma idan asusunsa ya tafi, fayil ɗin ya bi shi. Asusu kuwa na iya tafiya: tun watan Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba ana iya goge shi. Abin da aka share bisa kuskure yakan zauna kwana 30 a kwandon shara kafin ya ɓace. Ga matsalar sabis da tsadar data kuma, ana iya yi wa fayil alamar ya zauna a cikin wayar, yadda zai buɗu ko babu intanet. Katin asibiti da lambar mita sun cancanci wannan, tunda ba sa jiran sabis ya dawo.

Me za a saka? Takardar haihuwar kowane yaro ta Hukumar Ƙidaya, katin rigakafi gaba da baya, sakamakon makaranta, takardar NIN, shafin fasfo mai hoto, yarjejeniyar haya, takardun mota ko babur, takardar cinikin fili mai sa hannun shaidu da ta mai unguwa, da shaidar mallaka idan an yi ta a ofishin filaye kamar KANGIS ko KADGIS. Rasit ɗin POS da na banki a ɗauki hotonsu a ranar, domin irin takardar da ake buga su a kai takan koɗe cikin 'yan watanni ta koma fara fat. Manhajar Drive na da wurin ɗaukar takarda da kyamara, ta daidaita gefunanta ta mayar da ita fayil guda ko da shafi biyar ne. Sannan a yi haƙuri a raɗa wa kowane fayil suna. Waya takan sa wa hoto jerin lambobi ne, kuma babu mai gane takardar haihuwar Hafsatu a cikin hotuna ɗari masu irin wannan suna, musamman yana tsaye a layi ma'aikaci na jiransa. Sunan yaro, irin takarda, shekara: ya wadatar.

Hoto dai ba ya zama asalin takarda. Kotu ko ofishin filaye za su nemi ta ainihi. Amfaninsa shi ne lambar da ke jiki. Wanda ya je neman madadin takardar da ta ƙone da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, yana kuma riƙe da lambar fayil da kwanan wata, ba ɗaya yake da wanda ya je yana cewa "wajen shekarar da aka yi zaɓe ne" ba.

Yanzu ga abin da, a ganina, ya fi duk waɗannan nauyi, kuma shi aka fi sakaci da shi: layin waya. Ɗan ƙaramin katin nan shi ke buɗe komai. Ta kansa banki ke turo lambar tabbatarwa, ta kansa WhatsApp ke turo lambobi shida, ta kansa Google ke gane kai ne idan ka manta kalmar sirri. A OPay da PalmPay ma lambar wayar ce lambar asusun. Yaron da ya yi rajistar JAMB da wani layi, da wannan layin zai ci gaba da hulɗa da hukumar. Tun watan Disambar 2020 da gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da NIN, wanda sunansa ke kan layi shi ne mai layi, kuma shi kamfani zai saurara ranar da aka je a dawo da shi bayan ya ɓata. To mata nawa ne ke riƙe da layin da aka yi wa rajista da sunan miji, ko yaya, ko wani ɗan unguwa da ya sayo musu? Matar da asusun bankinta da kuɗin sana'arta ke rataye a layin da ba sunanta ba, ranar da wayar ta ɓata maigida na Legas ko Agadas, sai dai ta zauna jira. Idan kuwa aka bar layi watanni da yawa ba a amfani da shi, kamfani na iya sayar da lambar ga wani, saƙonnin banki su koma shiga wayar baƙo.

Ɓarayin waya ma sun san darajar layi fiye da masu shi. Sau da yawa ba wayar ce gabansu ba; cire layin suke yi su sa a wata, su danna *565*0# lambar BVN ta fito, daga nan su shiga lalubar asusu. Maganin wannan na cikin wayar tun asali: a sa wa layin kansa lambar sirri, yadda duk wayar da aka sa shi sai ta tambaya. An yi kuskure sau uku ya kulle, sai da lambar PUK da ke jikin babban katin da aka ɓallo layin daga ciki. Wannan kati da ake yarwa a ƙofar shago, wurinsa cikin takardun gida. Haka ma lambar jikin waya mai lambobi 15 da ke fitowa idan an danna *#06#, da lambar da ake kira a rufe asusun banki. Wanda aka sace wa waya ba shi da abin kira; abokin zamansa ne zai yi wannan gaggawar, idan ya san abin da zai kira.

Daga nan sai tambayar da ke kawo gardama: shin wajibi ne mata da miji su san lambobin sirrin juna? Ni ban ga wajibcinsa ba, har ma ina ganin ya fi kawo ɓarna. A shari'a dukiyar mace tata ce, sadakinta da gadonta da ribar sana'arta. Aure bai mayar da asusunta na miji ba, kamar yadda bai mayar da nasa nata ba. Wayar mace kuma ba sirrinta kaɗai ke ciki ba, akwai na ƙawarta da ta kawo mata kuka, da hotunan 'yan'uwanta mata a gidan biki ba lulluɓi. Ta namiji ma akwai amanar abokan ciniki. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin juna, kuma malamai ba su ce an cire ma'aurata ba. Foldar tarayya tana raba wannan gardama cikin sauƙi: abin da na gida ne yana wurin da kowa zai gani, abin da na mutum ne yana wurinsa. Idan wasu ma'auratan sun ga dama sun buɗe wa juna komai, ruwansu; amma kada a ce sai da haka gida zai tafi daidai.

Gidan da ke da mace fiye da ɗaya kuwa, kada maigida ya yi ganganci ya zuba komai wuri guda. Kowane ɗaki da foldarsa: takardun 'ya'yan uwargida tsakaninsa da ita, na amarya tsakaninsa da ita. Takardar asibitin wata ba abin kallon abokiyar zamanta ba ne. Amma abin da ya shafi kowa, kamar takardar gidan da ake ciki da jerin kadarori, adalci shi ne ko dai duka su gani, ko a ajiye a hannun amintacce da duka suka sani. A bar ɗaya da sani ɗaya cikin duhu, an shuka rigimar da 'ya'ya za su girba a kotu.

Maza da yawa sun tashi da karatun cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mace ba a gaya mata samu. Ko me mutum zai ce game da wannan, ya dubi abin da ke biyo bayan rasuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba a raba gado sai an fitar da bashi da wasiyya. Mutumin da bashinsa ke cikin kansa da cikin wayar da ta kulle, ya bar iyalinsa da masu sallama a ƙofa, wani da gaskiya wani da ƙarya, babu abin tantancewa. Waɗanda yake bi kuwa, sai mai tsoron Allah zai kawo. Shafi ɗaya ya isa: sunayen bankuna da lambobin asusu, kamfanin fansho da lambar rajista idan ma'aikaci ne, filaye da inda suke da shaidunsu, wa ake bi, wa ke bi.

A lura, lambar asusu na ce, ban ce lambar sirrin kati ba. Daga lokacin da rai ya fita, kuɗin da ke asusun na magada ne gaba ɗaya, bayan an fitar da bashi da wasiyya. Matar mamaci na da tumunin takaba idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, kuma idan su biyu ne ko huɗu wannan kason za su raba. Wanda ya ɗauki kati ya je ya zare kuɗi, ko da niyyar hidimar zaman makoki ce, ya taɓa haƙƙin marayu. Shi ma wanda aka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Banki takardar kotu yake nema kafin ya saki kuɗi. Abin da iyali ke buƙata shi ne su san asusun na nan. Idan ba su sani ba, kuɗin zai yi ta kwanciya, kuma bisa ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024, abin da ya shekara 10 ba a waiwaye shi ba ana mayar da shi wani asusu na musamman a hannun babban bankin. Magada na iya nema, amma sai sun san akwai abin nema.

Google ma ya tanadi wani tsari don irin wannan rana. Mai asusu zai zaɓi wa'adi, wata 3 ko 6 ko 12 ko 18. Idan ya kai haka bai taɓa asusun ba, sai a aika wa mutanen da ya ambata, har zuwa goma, damar sauke abin da ya yarje musu kaɗai. Apple na da makamancinsa tun 2021. Muddin mai asusun na amfani da shi, babu mai ganin komai.

Aure kuma yakan mutu ba tare da kowa ya mutu ba. Idan aka rabu, mai folda na iya cire ɗayan da dannawa ɗaya, shi ya sa tun ana zaman lafiya ya kamata kowa ya sauke kwafin takardun 'ya'ya a nasa asusun. Takardar haihuwar yaro ba makamin faɗa ba ce, shi ne zai nemi makaranta da ita. Idan an taɓa ba juna kalmar sirri, a canza, a kuma duba jerin na'urorin da WhatsApp ɗin mutum ke buɗe a kansu.

Duk wannan bai ce sai mai babbar waya ko mai karatun boko ba. Inda uwargida ke da ƙaramar waya mai madannai, littafi ɗan sittin ya isa, a rubuta da boko ko da ajami, a haɗa shi da takardun asali cikin leda mai kauri a ajiye a sama, ba a ƙasa inda ruwa da gara ke kaiwa ba. Kwafi ɗaya kuma a kai gidan wani amintacce a wata unguwar. Idan ɗa ko 'ya ne mai taya su latsa waya, to shi ma a san abin da aka buɗe masa.

Wanda ya ga aikin ya yi masa yawa, kada ya ce sai ya yi duka a rana ɗaya. Yau da dare, maigida da uwargida su ɗauko wayoyinsu su duba abu biyu: da sunan wa aka yi wa kowane layi rajista, kuma kowa ya san adireshin Gmail ɗinsa da kalmar sirrinsa? Idan layin ba sunan mai riƙe da shi ba ne, a je ofishin kamfanin da NIN a gyara cikin makon nan.